Ranar da Sodangi Ya Yi Tsere da Hadari

A Dundaye, in aka tambayi wanda ya fi kowa son ruwan sama, ba a gardama, Sodangi ne. Kowane manomi yana son ruwa, amma nasa son daban ne. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya ba hamsin baya, yana da gonar gero a tudu da ɗan fegin shinkafa a fadamar Rima. Da rani albasa da tattasai yake kaiwa kasuwar Sakkwato a bayan babur, kuma a lokacin ba ka cika jin bakinsa ba. Amma da bazara ta kama, zafi ya fara dafa mutane, sai ka ga wuyansa ya karkata gabas. Yana alwala yana duban sama, yana ciniki yana duban sama. An sha ganin ya auna wa mai neman albasa tattasai, don wani ɗan gajimare ya gitta ta saman rumfarsa.

Tun yana yaro mahaifinsa ya koya masa alamomin damina: zuwan shamuwa, kakkaɓewar ganyen gawo, juyawar iska, tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu. Duk ya haddace su. Abu ɗaya ne bai ɗauko ba, wato haƙurin tsohon. Da an yi yayyafin farko, ƙasa ta yi wannan ƙamshi nata, sai Sodangi ya saɓa sungumi, ya ɗauki ƙwaryar iri, ya nufi gona yana waƙa. Gero ya tsiro kore shar, Sodangi ya yi ta kai mutane suna gani. Sai sama ta ɗauke, rana ta buɗe, tsiron ya ƙone ƙurmus. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya koma neman iri a hannun maƙwabta lokacin da ruwan gaske ya sauka.

Matarsa Iyatu ce ta kawo ƙarshen wannan. Mace ce doguwa, mai magana a hankali, ba ta maimaita zance. Wata kaka, bayan an zaɓi zangarniyar iri an sussuke, ta zuba a buhu, ta sa a ɗan ɗakin da take ajiye kayanta, ta datse da kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zanenta.

"Malam, irin ga ba naka na kai ɗaya ba," in ji ta. "Ran da ka tona ƙasa, hannunka ya nutse har ya wuce wuyan hannu kana jin laima, ka zo ka amsa. Kahin nan, shi na wurina."

Sodangi ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ruwan farko ya zo, ya yi lallashi, ya yi zolaya, har ya kira ta da sunan da yake kiranta suna amarci. Ba ta ko ɗaga kai daga tankaɗen da take yi ba. A shekarar, gonarsa ba ta ƙone ba.

To, tunda an hana shi shuka da garaje, sai zumuɗin ya sami wata hanya. Ya kafa sanda a tsakar gida, ya ɗaura gwangwanin tumatir a kanta, duk ruwan da aka yi sai ya tsoma yatsa ya ga gaɓa nawa ya kai. Ya riƙa manna rediyo a kunne in za a faɗi hasashen yanayi. Da ya sayi waya kuwa, sai abin ya zama sana'a. Ya san hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, don haka duk wanda ya sani a gabas ya shiga uku. Babban abokin hirarsa shi ne Na'Allah, wani masunci da ke zaune kusa da madatsar ruwa ta Goronyo. Daga bakinsa yake jin ko ruwan madatsar ya ja baya ko ya ƙaru, don da wannan ne mutanen fadama ke sanin yadda gulbi zai kasance da shinkafarsu. Ba ya ma tsayawa gaisuwa sosai. Da an ɗauka sai ka ji, "Na'Allah, ɗaga kanka, mi ka gani?"

Da 'yarsa Rahma ta gama kwalejin horon malamai, ta zo da maganar wani abokin karatunta, Junaid, wanda ke koyarwa a Rabah, Iyatu ta yi ta tambaya a kan asalinsa da halinsa. Sodangi kuwa da ya ji an ce Rabah sai fuskarsa ta washe, don Rabah gabas take. Ranar da Junaid ya zo gaisuwa, ya durƙusa yana sunkuyar da kai, abin da surukin nasa ya fara tambaya shi ne ko ɗakin da zai sa Rahma yana da taga ta gabas.

A hankali mutanen unguwa suka fara tsayawa ƙofar gidansa bayan sallar la'asar su ji labari. Ba su daina yi masa ba'a ba, amma suna saurare.

Shekarar da ake yawan ba da labarinta, ruwa ya yi saurin zuwa. Wata yamma aka yi shi da iska da tsawa, yara suka fito suna tsalle a kwata. Washegari unguwa ta tashi da sungumi a kafaɗa. Sodangi ya tsoma yatsa a gwangwani, ko gaɓa ɗaya bai rufe ba. Ya je gona ya tona, laimar ba ta wuce tsawon yatsa ba, ƙarƙashinta busasshen rairayi ne mai ɗumi. Ya kira Na'Allah, shi kuma ya ce ko ɗigo ba su gani ba, ruwan madatsa ya ja baya har duwatsun da suka daɗe a nutse sun fito. Rediyo ma ta ce a yi hattara da ruwan farko.

Sai ga Sodangi, mutumin da aka sani da riga kowa shuka, tsaye a bakin hanya yana tare mutane.

"Ku dakata, ruwan ga na yaudara na," yake cewa, alhali idonsa na kan ƙwaryar irin da ke hannunsu kamar mai azumi ya ga fura.

Maƙwabcinsa Auwalu ya dube shi sama da ƙasa. "Sodangi, kai na kuwa? Ko Iyatu ta aro bakinka?"

Wasu suka koma gida, wasu suka wuce. Sama kuwa ta ɗauke kamar an share ta da tsintsiya. Aka yi makonni ba ko gajimare. Waɗanda suka shuka suka ga tsironsu ya kwanta. Rijiyoyi suka yi ƙasa, aka fita roƙon ruwa. Sodangi ya rame, ba don yunwa ba, don jira. Wayarsa kullum tana wurin caji.

Ana cikin haka Rahma ta haihu, namiji. Ranar suna Sodangi ya sa babbar rigarsa fara wadda ya daɗe bai taɓa ba, ya kafa hula, ya goya Iyatu a babur, suka kama hanyar Rabah da sassafe. Aka raɗa wa yaro suna Hayatu, aka yanka rago, aka ci aka sha. Bayan la'asar maza suna zaune a inuwar darbejiya a ƙofar gida, mahaifin Junaid yana ba da wani dogon labari na zuwansa aikin hajji, mata a ciki ana ta guɗa, sai wayar Sodangi ta yi ƙara. Na'Allah ne, muryarsa na tsinkewa saboda iska.

"Sodangi, ga shi nan ya taso baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har sama. Mun hwara jiƙewa. Wanga ba na wasa ba na."

Sodangi ya miƙe, ya zagaya bayan gida inda babu itatuwa. Can gabas sama ta haɗe kamar an kifa tukunyar baban rini, walƙiya na tsaga ta. Wata iska mai sanyi ta bugi fuskarsa. Daga nan, in ji waɗanda ke wurin, ba wanda ya sake jin wata magana mai kan gado daga bakinsa. Ya dawo da gudu, ya kama hannun mahaifin Junaid ya girgiza a tsakiyar labarin Arfa, ya ce, "Alhaji, ya taho," ya tattare babbar riga ya haye babur.

Abin da ke ransa shi ne ya riga hadarin isa Dundaye. Ba wai isarsa za ta ƙara ko ɗigo ɗaya ba. Shi dai so yake ya zama shi ya kai labari, kuma ruwan ya same shi tsaye a gonarsa.

Haka ya kama hanya, riga ta cika da iska ta yi tozo a bayansa, yana waiwaye yana dariya shi kaɗai. Duk ƙauyen da ya ratsa sai ya rage gudu ya ce wa na bakin hanya su kwashe shanya, su kifa kwanoni, su fito da randuna. Wata mai tuyar ƙosai ta ɗauka rigima ce ta tashi, ta fara tattara kaskonta, sai da ta bi hannunsa da ido ta ga gabas. Hularsa ta tashi, bai tsaya ba. Ya shigo Sakkwato iska na tashi da ledoji, 'yan kasuwa na rufe rumfuna, ya kutsa ta Ƙofar Kware yana ta danna oda, masu kabu-kabu suna ba shi hanya don sun ɗauka mara lafiya zai ɗauko.

A kan gadar Kwalkwalawa hadarin ya cim masa. Ɗigon farko ya faɗo masa a ƙeya kamar an jefe shi da tsakuwa, kafin ya kai ƙarshen gadar ruwa ya kece. Ya iso Dundaye farar riga ta koma kalar ƙasa, ya tarar kowa ya riga ya sani, tunda ga shi ana yi. Wannan bai rage masa komai ba. Ya bi gida gida yana buga ƙofa yana shaida musu ana ruwa, su kuma suna dariya suna yi masa barka kamar shi ya kawo shi a bayan babur.

Ruwa ya yi ta zuba har gwangwanin tumatir ya cika ya tumbatsa. Da ya tsagaita gab da magariba, Sodangi ya tafi gona, ya durƙusa, ya tura hannu cikin ƙasa. Ya wuce wuyan hannu, ya kusa gwiwar hannu, ko'ina laima. Ya taso da gudu ya shiga gida yana kiran Iyatu ta kawo makulli. Ya kira, ya sake kira. Gidan shiru, sai ɗigar indararo. A nan ne ya tuna inda ya baro ta.

Ya ciro waya ya buga mata.

"Iyatu, kina lahiya?"

"Lahiya lau, Malam. Ina nan inda ka aje ni."

"Wallahi hadarin na ya..."

"Na gani. Mu ma an yi muna. Ka tona?"

"Na tona. Har kusa da gwiwar hannu."

"To madalla. Sai gobe in Allah ya kai mu."

Auwalu, wanda ya ji komai ta kan katanga, ya leƙo da guduma ya ce kwaɗon ai ƙarami ne, bugu ɗaya ya ishe shi. Sodangi ya dubi gudumar, ya dubi ƙofar. Ya ce a'a, wanda ya manta da matarsa a garin surukai bai kamata ya ƙara da fasa mata ɗaki ba.

Da gari ya waye duk Dundaye ta fita shuka. Sodangi ma ya fita da sungumi, ba iri. Ya fara sara daga wannan kunya zuwa waccan, rami bayan rami, shi kaɗai, ba mai bin bayansa da ƙwarya. Masu wucewa suna tambayarsa ko sabuwar dabara ce ta shuka iska, yana amsa musu da cewa su jira su ga yabanya. Kafin hantsi ya sare gonar kaf, ya zauna a gindin gawo yana kallon hanya.

Sai ga motar haya ta tsaya a bakin gona. Iyatu ta fito da buhun iri, ta riga ta biya gida ta ɗauko. Bayanta kuma 'yan'uwanta mata ne da suka je suna, su ma suka firfito da lallensu da sababbin atamfofinsu, don labarin ya riga ya zaga gidan biki, kowace tana son ta ga mutumin da idonta. Suka tuɓe takalma, kowace ta ɗebi iri a ƙwarya, suka jeru suna jefawa suna takewa da diddige, suna yi masa waƙar zolaya da suka ƙirƙira a mota. Shi kuwa yana gaba yana taka rawa da sungumi a kafaɗa, yana amsa musu amshi. Kafin azahar an gama, har ya riga wasu da suka fito tun asuba.

Ruwa ya zauna a shekarar. Na'Allah ya riƙa bugowa yana cewa duwatsun madatsa sun sake nutsewa, gulbi ya kawo daidai, shinkafar fadama ta yi kyau, gero ya cika rumbu. Amma tun lokacin da tsiro ya fito, Sodangi ya sayi goro ya koma Rabah ba da haƙuri. Mahaifin Junaid ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa kasonsa na soyayyen naman suna da aka ajiye masa, ya zaunar da shi a kan tabarma, ya ce ai ba komai, sai dai labarin hajjin nan bai ƙare ba. Ya ɗauko shi tun daga farko, daga ranar da aka yi musu allura. Sodangi ya zauna ya saurara har ƙarshe, da jikansa a cinya, yana cin nama yana gyaɗa kai.