Wayoyi Biyar a Jikin Sabar Gwaram

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da direban kamfani. Kamfanin na sayen riɗi ne, ni nake kula da sabar reshensa na Gwaram, wato kwamfutar da duk kiran manoma ke bi ta cikinta, lambobinsu da saƙonninsu duk a nan suke. Manajan reshen ne ya kira, wai layuka na katsewa, fayiloli sun ɓace. Abin da bai sani ba, ni na kashe manhajar kariya daga bairos mako uku baya, don bincikenta na sa muryar masu kira rawa. Na ce zan gyara saitinta in kunna, na sha'afa.

A Birnin Kudu muka tsaya shan koko. Ƙosai ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Direba ya cinye nasa ya haɗa da nawa. Daga nan gonaki ne dama da hagu, an yanke riɗi an jingine yana bushewa. Duk wanda na hango a gona sai in ce gobe zai kira neman farashi. In bayanan nan suka salwanta ana tsakiyar kaka, aikina ya tafi.

Ina buɗe ɗakin sabar na ce innalillahi. Wayoyi biyar a jone a jikinta, gaba da baya, suna shan caji! Ashe ɗakin kaɗai sola ke ba wuta. Maigadi, wani dattijo, ya ce, "Malam, ai ita ba ta ɗauke wuta, shi ya sa nake taimaka wa mutane."

Nan take na zare wayar intanet, na kunna kariyar na sa ta bincike. Har la'asar ina zaune ina gumi, an kawo fura ban ko kalle ta ba. Allah ya taimake ni, bairos ɗin da ya shigo ta wayoyin ɓoye fayilolin ya yi, bai goge ba. Na dawo da su, na ware sautin kira daga binciken, na toshe kafofin caji.

Sai na ji manaja a waje yana cewa dattijon ya tattara kayansa. Wallahi na so in yi shiru. Amma na fito na ce, "Alhaji, da kariyar na kunne, da wayoyin nan ba su yi komai ba. Ni na kashe ta."

Manaja ya ce dole ya sanar da hedikwata a Kano.

Bayan magariba muka iso gida. Na koyi cewa kariya ba a kashe ta da niyyar anjima, kuma kafin ka kafa na'ura ka tambayi inda mutane ke caji. Dattijo dai yana bakin aikinsa. Ni kuwa yau kwana uku, duk ƙarar da wayata ta yi sai in duba ko hedikwata ce.