Yi wa Baba Tsawa a Kan Ƙanƙara

Ban zo Greensboro ta Amurka don wasa ba. Lodi na zo yi, lodin kuma na yi, kujeru da gadaje daga sito zuwa cikin tirela, har bayana ya sankare. Shugabanmu na wurin aiki ne ya ja ni filin ƙanƙara, wai ƙungiyarsu ta hoki, wasan buga ƙwallo da sanda, ba ta cika ba. Na ce masa ni mutumin zangon Kumasi ne, ƙanƙarar da na sani ta cikin firji ce. Ya ce duk tsofaffi ne, ba mai yi mini dariya. Sun yi. Na sha faɗuwa kafin ƙafata ta zauna a takalmin nan mai wuƙa a ƙasa.

Lahadi da safe muke bugawa, lokacin da mutanen gari ke shirin coci. Aka sa ni tsaron baya tare da wani dattijon Bature daga Pleasant Garden, tsohon makanike, ya ba sittin baya. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tafiya. Baba nake ce masa.

Ciwonmu ɗaya ne, ba ma iya fitar da ƙwallo daga gidanmu, wato ɓangarenmu na fili. Ƙwallon wata baƙar roba ce mai kamar masa. Idan abokan karawa suka cilla ta lungun bayan ragarmu, Baba ke binta, fuskarsa ga bango, bayansa ga fili. Wuyansa ba ya juyawa sosai, kunne ɗaya kuma ya mutu. Aikina in zama idonsa, in gaya masa ya bi da ita ta jikin bango zuwa ga ɗan gabanmu, ko ya turo mini.

Ina gaya masa kuwa, amma yadda aka koya mini magana da mai furfura. "Baba, don Allah, kamar akwai wani a bayanka." Kafin in kai ƙarshe an ƙwace, an zura mana.

Kyaftin ɗinmu likitan haƙori ne daga Irving Park, mai son zane a allo. Ya zana, ya goge, ya sake zanawa, ba abin da ya canja. Wata rana da aka lallasa mu, a ɗakin canja kaya, gaban kowa, ya ce wa Baba akwai wani saurayi a Summerfield da ke neman gurbi a baya.  Baba ya daɗe yana kwance igiyar takalmi ɗaya.

A wajen ajiye motoci ya tare ni.

"Kai, me kake ce mini a can? Addu'a kake yi?"

"Gaya maka nake yi, Baba."

"An ce a sito ana jin muryarka har titi. Ina kake ajiye ta ranar Lahadi?"

Na ce a wurinmu yaro ba ya ɗaga wa babba murya. Ko gemunsa ne ya kama da wuta, sai ka yi sallama tukuna.

"Yaro? Da wannan sanƙon naka?" Ya yi tsaki. "Kalma ɗaya nake so. Bango, ko turo. Ka yi mini ihu kamar na taka maka ƙafa. Idan suka cire ni, daga ni sai talabijin."

Abin ya tsaya mini a wuya duk makon. Na yi yaron mota a tasha, murya ba ta gagare ni ba. Amma mahaifina ya taɓa marina don na ƙwala wa kawuna kira daga nesa, kuma na haura arba'in marin bai bar kuncina ba.

Lahadi ta zo. Ga saurayin nan zaune bayan gilashin da ya kewaye filin, da jakarsa, yana kallo. Aka cilla robar lungu, Baba ya bi ta yana haki, wani ƙato na biye da shi. Na buɗe baki, "don Allah" ta riga ta hau harshena. Na haɗiye ta.

"Bango!"

Irin ta tasha na yi, har mai tsaron ragarmu ya zabura. Baba bai waiga ba. Ya make ta ta jikin bango, ɗan gabanmu ya tare, ya miƙa wa na tsakiya, suka fice. Haka kawai. Abin da aka yi ta zana mana a allo ke nan.

Ba mu ci wasan ba, dama ba mu cika ci ba. Mun dai yi ta fita daga gida. Saurayin ya ɗauki jakarsa tun ba a tashi ba, kyaftin kuma bai sake maganarsa ba.

Na fito maƙogwaro na zafi, gwiwoyi na ciwo, raina ba daɗi. Na sami Baba yana cusa sandarsa a bayan mota. Na rusuna.

"Baba, ka yi haƙuri da tsawar ɗazu."

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Me ka ce? Ɗaga murya."

Ban ɗaga ba. Wannan ba kan ƙanƙara ba ne. Ya rufe but ɗin motar, ya ce Lahadi in zo da wuri.