Ƙofar Shagon Yaya Hammadu

'Ya'yan yayana sun gina masa shago a gida, sun juya ƙofar tana kallon titi. Ba su tambaye shi ba.

Yaya Hammadu masassaƙi ne a Kutama. Shekara arba'in yana kai turmi da taɓarya da ƙotar fartanya kasuwar Gwarzo. Da matarsa Gwamma ta samu shanyewar ɓarin jiki, sai ya daina fita, ya ce a gida zai yi wurin aiki.

Damina biyu yana tsara shi. Da sanda yake zane a ƙasa, ya auna da taku, ya share da ƙafa, ya sake. Daɓe yake so, don a zaune yake sassaƙa, ya danne icce da ƙafafu kafin ya sauke gizago. Ƙofa kuwa ta fuskanci tsakar gida, daidai inda ake shimfiɗa wa Gwamma tabarma. Maganarta ba ta fita sosai. In tana son ruwa ko a juya ta, hannun hagu kawai take ɗagawa, sai mai kallonta ne zai sani.

Da ya kai ta asibiti Kano suka yi sati uku, 'ya'yansa Badaruddeen da Sharfaddeen suka ɗauko magini daga Kabo. Aka sa tayil mai santsi, aka kafa tebur har ƙirji, ga ƙofar ƙarfe a bakin titi, wai don masu saye.

Ranar da ya dawo ya daɗe yana shafa bangon, sannan ya ce, "Allah ya yi muku albarka."

Na ja shi gefe. "Yaya, ka gaya musu mana."

"Zinnira, don su faranta min suka yi. Ki ƙyale yaran."

Shi ya ƙyale, ni ban ƙyale ba. Jiya na tarar da shagon a kulle, shi kuma yana tsakar gida, rana na dukan ƙeyarsa, yana fafe wa Gwamma ludayi mai kaurin mariƙi, wanda hannun hagu zai iya riƙewa. Yana yi yana ɗago kai yana dubanta.

Badaru, Sharfu, gwaggonku ce ke magana. Zanen babanku na nan a cikin kansa, ku zauna a ƙasa ya nuna muku. Ku fasa bangon nan ku fitar da ƙofa ta cikin gida, ku ɓamɓare tayil ɗin, kafin ruwan bana ya sauka.