Kayan Koyo a Bayan Gilashi

Ban taɓa gane abin da mutane ke gani a jikin Ponirah ba. Tare muka tashi a ƙauyenmu na tsakiyar tsibirin Jawa. Ni na gama firamare har da takarda, ita kuwa a aji uku uwarta ta zaunar da ita naɗe tempe, abincinmu na waken suya. Shekara hamsin tana abu ɗaya: ta jiƙa waken suya, ta dafa, ta murje ɓawo, ta naɗe a ganyen ayaba, ta soke da tsinke, ta hau tsohon kekenta zuwa kasuwa. Mijinta ya mutu, keken yana nan. Sai Allah ya jarrabe ni, ɗana Harjo ya auri 'yarta, muka haɗa jika ɗaya, Laras.

Iyayen suna aikin ɗinki a birnin Semarang, don haka yarinyar kwana uku a wurina, huɗu a wurin Ponirah. Kwana gudan nan ma na daɗe ina jin zafinsa. Da Laras ta cika shekara biyar, Harjo ya ce in ta shiga makaranta yawon ya ƙare, gida ɗaya za ta zauna, kuma ita za ta zaɓa. Na ce a raina an gama. Gidana da tayil da talabijin. Gidan Ponirah kuwa tun daga bakin hanya warin dafaffen wake ke yi maka maraba.

Harjo ya aiko mini da kayan koyo irin na birni: haruffan katako masu launi, da 'yan ƙwallaye a jikin waya na ƙirga. Na yi abin da duk macen kirki a layinmu ke yi da kaya mai kyau. Ban cire ledarsu ba, na jera su a kabad ɗin gilashi na ɗakin baƙi, kusa da kofunan aurena, na kulle. Laras takan manna hanci a gilashin, in ce, "Da ido ake kallo, hannunki akwai maiƙo."

Wata rana na ji ta tana ƙirga matakalar masallaci har sha bakwai, babu tuntuɓe. Ba ni na koya mata ba. Washegari na ɗauki lema na tafi gidan Ponirah, wai wucewa nake.

Na same su a ƙasa. Laras tana ware ruɓaɓɓen wake daga mai kyau. Gefenta ga tsinkayen da aka karya daga tsintsiyar kwakwa, goma-goma, an ɗaure da roba. Ga kuma tire da garin shinkafa, an zana harafi da yatsa.

"Yaya Ponirah, aikatau kika sa jikata?"

"Zauna mana, Tukiyem, kin tsaya kamar turken wuta. Laras, tsinke nawa ne nan?"

"Ɗauri ɗaya da uku, Kaka. Sha uku."

Na ce, "Ke da aji uku ya kora, yau ke ce malama?"

"Ai iyakata ɗari. Daga nan sai ku masu takarda."

"A gidana tana da na katako, daga birni."

"Na gan su. Ranar Idi na gaishe su ta gilashi. Suna lafiya?"

Ta kawo mini shayi, ban sha ba. Da yarinyar ta dawo wurina na buɗe kabad, na yage ledar da hannuna, zuciyata na zafi, na zube mata kayan a tabarma. Ta tsaya tana kallo, ta mai da hannayenta baya.

"Ɗauki mana, naki ne."

"Hannuna akwai maiƙo, Kaka."

Na taɓa binne miji, na taɓa cire haƙora huɗu rana ɗaya, amma wannan maganar ta fi zama mini a ƙirji.

Da Harjo ya zo ya tambayi Laras gidan da ta zaɓa, ko kallon talabijin ɗina ba ta yi ba. Ta ce gidan Kaka mai wake. Ponirah ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Tukiyem, idona ya daina ganin ƙananan rubutu. Wa zai duba wa yarinyar littafi?" Ƙarya take. Matar da ke hango tsakuwa a cikin buhun wake.

Yanzu kullum bayan la'asar ina gidan warin nan. Da kaina na kai kayan katakon. Harafi ɗaya ya faɗa tukunya ya fito babu launi, akuya ta tauna wani. Da malamar aji ta ce kowane yaro ya zo da tsinke ashirin, tsintsiyata aka karya, na tabbatar kowa a layin ya ji haka.

Amma in Laras ta ƙirga daidai, Ponirah take fara juyawa ta kalla. Ina lura. Kujeruna kuwa har gobe da ledarsu, kar ma wani ya tambaye ni.