Tukunyar Garwashi a Akwatin Mesa

Ni mai kiwon kaji ne a Gwarzo. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma a kan rainon 'yan tsaki ban taɓa yarda akwai wanda zai koya mini wani abu ba. Girman kan nan ne ya kai ni ga abin da zan faɗa. Na daɗe ina ba da labarin a karkace, ina cire kaina daga ciki. Yau zan faɗe shi yadda ya faru.

Akwai wani malamin kimiyya, mutumin Filato, da ke zaune a ɗakuna biyu na gaban gidana. Yana da 'yar mesa, irin gajeriyar nan da ke dunƙulewa in ta tsorata. Manoma ne suka tono ta a wajen Kutama za su kashe, ya roƙa suka ba shi. Ya yi mata akwatin katako mai gilashi a gaba da raga a sama, ta shekara uku a wurinsa. Wani lokaci yakan kai ta aji don ɗalibai su daina gudun duk abin da ke jan ciki.

Da hutun Kirsimeti ya zo zai tafi gida, sanyi kuma ya sauka sosai, sai ya kira ni ɗakinsa.

"Maigida, amana zan bar maka," in ji shi. "Ta ci jiya, ba ta buƙatar abinci har in dawo. Ɗumi kawai take so."

Ya nuna mini wata 'yar jarka. In cika ta da ruwan zafi, in naɗe da tawul, in jingina ta a jikin akwatin ta waje, gefe ɗaya kawai. Ɗaya gefen a bar shi da sanyinsa, da kwanon ruwa, don in zafi ya ishe ta ta koma can. In canza ruwan da magariba, in sake canzawa bayan sallar asuba. Kafin in tafi in ɗora bayan hannuna a katakon ta ciki, in ya fi ɗumin jikin mutum sosai in ƙara tsumma. Kada in rufe ragar. Kada wuta ta shiga akwatin ko ta wace siffa.

"Ticha," na ce, "tsaki ɗari biyar nake raino a cikin sanyin nan, ba ya kashe mini ko goma. Maciji ɗaya ne zai gagare ni?"

Ya yi dariya, amma ya sake maimaita maganar wutar. Ni kuwa hankalina ya riga ya koma wurin kajina.

Kwana huɗu na yi yadda ya ce. A rana ta biyar na gaji. Dafa ruwa sau biyu a rana, ga naɗe tawul, ga tsiyar da ake yi mini a wurin mai shayi.

"Ga mai jegon maciji nan! Alhaji, an yi wa jaririyar wanka?"

"Ku kawo masa kunun kanwa, uwar mesa ce."

Ina dariya tare da su, amma abin yana cina. Sai na ce a raina, ai ni ina da hanyar da ta fi wannan wahala. Mu masu kaji, tukunyar ƙasa muke zuba wa garwashi, mu ajiye a tsakiyar ɗakin tsaki, ta kwana tana ba da ɗumi. Da yamma na ɗauko ƙaramar tukunya, na cika ta da garwashi, na yayyafa toka a sama, na rufe da murfi. Maiɗakina ta gan ni ina fita da ita.

"Malam, ina za ka da wuta?"

"Ɗakin Ticha."

"Ba cewa ya yi ruwan zafi ba? Wannan abar fa ba kaza ba ce."

"Ke, shekara nawa ina wannan aikin? Ku mata komai sai kun sa baki."

Na ajiye tukunyar a tsakiyar akwatin, na yafa buhu a kan ragar, na bar 'yar kafa kaɗan. Na kulle ɗakin ina jin daɗin wayona.

Abin da na sani game da zafi, tsaki ne suka koya mini. In sanyi ya dame su sai su taru su yi ta kuka, in zafi ya yi yawa su watse jikin bango suna haki. Da kunne nake gane ɗumin ɗakinsu tun daga tsakar gida. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa mesa ba ta kuka ba. Ban kuma san tana iya kwanciya a kan abin da ke ƙona ta, ta ƙi tashi ba.

Da safe na same ta ta naɗe tukunyar zagaye biyu. Da na zare ta, sai na ga cikinta ya yi ja, tsawon tafin hannuna, wani wurin ya tashi da ruwa. Ta dunƙule a hannuna, ta ɓoye kanta.

Abu na farko da na yi ba neman magani ba ne. Tukunyar na fara ɓoyewa a bayan ɗakin kaji. Na share tokar, na goge ragar, na mayar da jarka da tawul inda suke. Da Ticha ya kira ni a waya da rana, ya ce, "Maigida, yaya baƙuwarka?" na ce masa lafiyarta lau, har ta fi ni jin daɗi.

Kwana uku ina shafa mata man kaɗanya, wurin yana ƙara baƙi. Akwai malamin dabbobi a nan Gwarzo, amma shi ke yi wa kajina rigakafi, kuma a wurin mai shayin nan yake karya kumallo. Don kada ya ji, na saka ta a jakar fulawa na hau babur har Kabo, wurin wani da bai san ni ba. Ya duba, ya ɗago kai.

"Baba, me ya ƙona ta haka?"

"Jarkar ruwan zafi."

"Ta waje? Da tawul?" Ya sake duba wurin. "To, Allah ya kyauta."

Ya wanke wurin, ya ba ni man shafawa, ya ce in kwashe dusar katakon da ke ƙarƙashinta in shimfiɗa takarda mai tsabta. Ya ce kada a bari sanyi ya kama ta, don ciwon maciji ba ya warkewa cikin sanyi.

Da Ticha ya dawo, ya buɗe akwatin ya juya ta, ya ga ciwon. Na ba shi man, na faɗa masa abin da na faɗa a Kabo. Maganar sanyin kuwa ban isar masa ba, don na ji tsoron ya ce zai je ya ji da kunnensa.

"Laifina ne," in ji shi. "Ni na ce ka sa jarkar. Wataƙila katakon ya yi siriri. Ka yi haƙuri, Maigida, na ɗora maka wahala."

Shi ne ke ba ni haƙuri. Na ce masa ba komai, ƙaddara ce. Na ambaci sunan Allah a kan ƙaryata, kuma wannan ne ya fi yi mini nauyi har yau.

Daga ranar ya daina sa jarkar gaba ɗaya, tsoro yake ji. Ya lulluɓa wa akwatin bargo, alhali shi ya taɓa gaya mini bargo ba ya ɗumama maciji, tunda ba ta da zafin jiki nata. Mako guda ta ƙi motsi. Ya kawo ɓera ta ƙi kallo. Ciwon ya fara wari. Kullum in na wuce ina ganinsa tsugune gaban gilashin.

Maiɗakina ce ta tare ni wata safiya ina shirin shiga ɗakin kaji. Tukunyar ce a hannunta.

"Malam, ka ƙona ta, an ce kuskure. Yanzu kuma sanyi zai kashe ta kana kallo, wannan me za a ce masa?"

Ban yi mata tsawa ba wannan karon. Na karɓi tukunyar na nufi ɗakin Ticha. Na yi sallama, muka gaisa, ya tambayi iyali da kaji, ina amsawa tukunyar tana bayana. Sai na ajiye ta a gabansa na faɗi komai, har da buhun, har da maganar malamin Kabo.

Bai zage ni ba. Ya kalli tukunyar, ya kalle ni, ya ce, "Mako guda, Maigida. Mako guda kana gaishe ni." Sai ya tashi ya ɗora ruwa a risho.

Da jarkar ta koma wurinta, ya ce in zo kowace safiya in riƙe masa mesar yana wanke ciwon. Ban sani ba ko hukunci ne ko hannu kawai yake buƙata, ban kuma tambaya ba. Kusan wata biyu ina riƙe ta cikinta a sama, idona a kan wurin. Ba ma hira. Tsokanar da muke yi da, ta Maigida da Ticha, ta tsaya.

Ta yi saɓa sau biyu kafin fatar ta haɗe, ta bar tabo fari da ba zai goge ba. Ranar da ta karɓi ɓera, ba ni ya faɗa wa ba. Ta kan katanga na ji yana kiran maiɗakina.

"Hajiya! Ta ci abinci!"

Ina tsaye a ƙofar ɗakin kaji da bokitin dusa a hannuna. Na ce alhamdu lillahi a hankali, amma na kasa fitowa.