Tabarmar Inna Rabi a Ranar Awo

Har gobe ba zan manta da wata Talata ba, ranar awon ciki, a ƙaramin asibitin da na yi aiki a ƙasar Bukkuyum. Ni ce ungozoma, shekarata tara a wurin. A lokacin an kawo mana tsarin abokan hira: a zaɓi iyaye mata da suka taɓa shiga damuwa da ciki ko jego, a ba su horon 'yan kwanaki, su riƙa sauraron 'yan'uwansu. Ba sa ba da magani, ba sa taɓa katin asibiti.

Cikinsu akwai Inna Rabi, wadda gubar dalma ta kashe wa 'ya'ya biyu. Ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma kafin wata biyu, mata sai su amshi kati a hannuna su zarce tabarmarta a gindin dalbejiya. Ina jiyo hirarsu ta taga, raina yana sosuwa.

A wannan Talatar aka kawo wata yarinya, Saratu, a babur daga Zugu, kwananta ashirin da haihuwa. Mijinta ya ce ba ta ci, ba ta barci, ba ta son ɗaukar jaririn. Na auna jininta, na duba zazzaɓi, lafiya lau. Sau uku ina tambayarta, tana cewa, "Ba komi." Da ta zauna wurin Inna Rabi, ba a yi minti goma ba na hango ta tana magana tana kuka.

Na wuce ofishin shugabanmu, na ba shi labarin Saratu, na ce abokan hirar nan suna shiga aikin da ba nasu ba, a dakatar da su. Ya ce, "Hajiya, mi ke damun yarinyar?" Ban sani ba, sai na fito.

Ina dawowa na tarar da Inna Rabi a ƙofata. Ta ce, "Malama, ta yarda in hwaɗa miki. Gabanta ɓarayin daji sunka kashe ƙanenta tana da ciki. Sau biyu tana zuwa bakin rijiya da niyyar hwaɗawa. Wanga ya hi ƙarhina, aikinki na."

Nan take na rubuta takardar tura ta babban asibiti, Inna Rabi ta raka su. Bayan wata uku Saratu ta dawo rigakafi goye da ɗanta, ta yi ƙiba. Sai da ta fara gaida Inna Rabi, sannan ni. Wallahi sai da na ji zafin abin.

Ku masu tasowa a aikin ungozoma, mai jego ba mai fararen kayan asibiti take buɗe wa cikinta ba, sai wadda ta taɓa shiga halin da take ciki. Kishin zai zo muku, kamar yadda ya zo mini. Ku haɗiye shi, ku rubuta takardar.