Adda Ta Bar Ɓerayenta Saboda Ni

Shekara takwas ke nan da muka kai Adda Rukayya makwancinta. Har yau in na bi ta gaban kemis ɗin da ta yi aiki a Jimeta, sunkuyar da kai nake yi, don na san ba nan ne wurinta ba.

Adda yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta karanci ilimin magunguna, ta samu gurbin ƙarin karatu a ƙasar waje, inda take bincike a kan ɓeraye. Dada, mahaifiyarmu, takan tsokane ta a waya: "Duk ɓerayen unguwarmu Damilu ba su ishe ki ba?"

Ni ta fi yi wa bayanin aikin. Ana saba wa ɓera da hodar iblis, har ya koyi danna wani ɗan ƙarfe don a ƙara masa. A ƙwaƙwalwa akwai sinadari mai suna dofamin, shi ke sa rai ya ji daɗin abu ya nemi ƙari, kuma yana da wuraren da yake sauka. Hodar kan sa shi ya yi ambaliya. Su Adda kuwa suna gwada magungunan da ke tare wasu daga wuraren nan, su ga ko ɓeran zai rage dannawa. Wahalar, in ji ta, ita ce a kashe masa kwaɗayin hoda ba tare da an kashe masa daɗin abinci ba.

Lokacin da take gaya mini wannan, na riga na fara shaƙar hodar. A Legas na koya, wajen saro kayan waya. Ranar da na yanke jiki na faɗi a shago da rana tsaka, Dada ta kira ta tana kuka. Adda ta ce za ta zo ta yi wata biyu.

A makonnin farko, da ƙunci ya ishe ni, na riƙe mata ƙafa.

"Adda, don Allah ki samo mini irin maganin da kuke ba ɓerayen nan."

"Sadiƙu, ba a tabbatar da shi a jikin mutum ba. Ba zan yi gwaji da ƙanena ba."

"To me kika zo da shi?"

"Ni na zo," ta ce, ta gyara zama.

Na daina, na koma, na sake dainawa. Duk komawar da na yi, sai ta ɗaga tafiyarta, har aka ba wani gurbinta. Dangi suka ce ta bar ni da halina. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta kama aiki a kemis, tana miƙa wa mutane maganin zazzaɓi. Sai da na tsaya da ƙafafuna sosai ciwon ƙoda ya ɗauke ta. Ba ta taɓa ce mini na tare mata hanya ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

A iya sanina, har yau ba a samu maganin da aka amince yana raba mutum da hodar nan ba, ana dai ta gwaji. Nakan tambayi kaina, da ta ƙarasa aikinta, da an matsa ko da taku ɗaya ne? Me za ta ce in ta ga yadda kayan maye suka shiga unguwanninmu? Da na sani ƙeya ce, amma ni kullum sai na waiwaya.

Bara wata maƙwabciyata a unguwar Karewa, Maman Istifanus, malamar firamare, ta tare ni a ƙofar gida. Ɗanta ya faɗa ramin da na fito.

"Malam Sadiƙu, an ce yayarka likita ce. Wane magani ta ba ka? Ko nawa ne zan nema."

Na ce mata ta kai shi asibiti, ni kuma zan riƙa zuwa. Yanzu nakan je mu zauna da Istifanus a ƙarƙashin mangwaron gidansu. Wani lokaci ya zage ni, wani lokaci ya yi kuka. Ba ni da ilimin Adda, kuma ban san ko zai warke ba.

Adda ba ta bar littafi ba, ba ta bar ɗa ba, babu maganin da ke ɗauke da sunanta. Abin da ta bari shi ne ni. Ban kai abin da ta bayar ba, amma da ni aka tashi, dole in yi amfani.

Allah ya jiƙan Adda, ya ba ta ladan aikin da na hana ta ƙarasawa.